Shekarar da Na Raba Kart Biyu

Wasu ƴan ramuka biyu ne suka fara ɗaukar idona, ba kamarar kanta ba. Ina tsaye a wani shago a Kano, lokacin ina zuwa cin rani ina ɗaukar hotunan biki a unguwanni, sai mai shagon ya buɗe wani ɗan murfi a gefen wata kamara ta gwanjo. Ga ramuka biyu a jere, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kowanne da wurin sa kart ɗinsa. Mu kart muke cewa, mutanen Kano su ce memori, ɗan abin nan da hotuna ke kwanciya a ciki. Duk kamarorin da na taɓa riƙewa rami guda gare su.

"Wannan ta manya ce," in ji mai shago. "In ka so, duk hoton da ka ɗauka sai ta rubuta shi a sama, ta kuma rubuta shi a ƙasa. Ɗaya ya lalace, ɗaya na nan."

Shi maganar kasuwa yake yi, ni kuwa wani abu daban nake ji. Kun dai san ubanku. Na tashi da ƴan littattafan soyayyar nan da ake shimfiɗawa a tabarma a bakin kasuwa, har yau kuma akwatina cike yake da su. Sai na ga zuciya biyu a ƙirji guda, abin da ɗaya ta gani ɗayar ta riƙe, babu ɓoye-ɓoye a tsakaninsu. Nan take na raɗa wa na sama suna Ango, na ƙasa Amarya. Kamarar ta zo da kart guda mai kyau, shi ne Ango. Amarya kuwa a tasha na saye ta, a tiren wani mai sayar da wayoyin caji, don na ga lambar da ke jikinta babba ce. Ban san kart ma yana da mai gudu da mai rarrafe ba. Mai shago ya saita mini ita yadda kowane hoto zai shiga duka biyun, na rungumo ta zuwa Matameye kamar na ɗauko jaririya.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan babi, ke ce Zulai. Ranar sunan ɗanki na fari na ji ki daga tsakar gida kina gaya wa ƙawayenki cewa Baba ya ɗauki hoton kowa a garin nan, har da jakin mai ruwa, amma bai ajiye na Inna ko ɗaya ba, don kokowa ta fi masa kakarku daraja. Yanzu idona ya soma raunana, hannuna yana rawa in na ɗaga kamara, gara in faɗa muku yadda abin ya kasance tun ina iyawa.

Kawunku Ilu, ƙanin uwarku Hajara, kun san shi yanzu da tumbi da furfura. Da ba haka yake ba. Gajere ne, faffaɗa, noman rake a fadamar Kurni ya mai da damatsansa kamar turmi. A kokowa hanyarsa guda ce kuma kowa ya san ta: ya nutse ƙarƙashin abokin karawa, ya kama ƙafa, ya ɗaga. Matsalar hanyar ita ce sau da yawa tare ake zubewa, a filinmu kuwa wanda gwiwarsa ko gwiwar hannunsa ko bayansa ya fara taɓa ƙasa shi ya faɗi. Abokin gabarsa Dogo ne, mutumin Dawce, wanda in ya tsaya sai Ilu ya ɗaga kai kafin ya ga gemunsa. Bayan kaka a shekarar da na kawo kamarar, su biyu suka kai ga karon ƙarshe a filin Matameye. Ilu abokin wasana ne tun da na auri yayarsa, bai taɓa kirana da sunana Nuhu ba.

"Malam Soyayya," ya ce da ni ranar da safe, "wannan baƙar tukunyar taka tana gani kuwa, ko ita ma karatun littafi take yi?"

"Kai dai ka kayar," na ce. "Ko ƙiftawar ido aka yi a filin nan, tana wurina har gida biyu."

A gaban uwarku na faɗi haka, da mutanen Kurni cike da zaurena. Bayan la'asar aka shiga fili. Makaɗa suna zuba wa Dogo kirari, mutanenmu suna amsawa da na Ilu. Na durƙusa a bakin buhunan yashin da aka kewaye da'irar da su. Suna haɗa kai na danna, ban kuma ɗaga yatsa ba, don zuciyata ta riga ta shiga fili. Kamara tana tas-tas-tas-tas kamar ana soya masara. Sai na ji ta ja numfashi. Tas. Shiru. Tas. Wata ƴar jar fitila a bayanta ta kama ta ƙi mutuwa. A cikin wannan shirun Ilu ya nutse, ya ɗaga, suka zube tare. Na danna har yatsana ya yi fari, ba ta amsa ba. Alƙalin wasa, wanda ke tsaye ta bayan Dogo, ya ɗaga hannun Dogo. Mutanen Kurni suka yo kaina suna ihu, a nuna, a nuna. Na duba. Hoto na ƙarshe kafin faɗuwar, suna tsaye. Na bayansa, ƙafafun jama'a ne da rabin bokiti. Kowanne kuma gida biyu, kamar yadda na yi alkawari.

Ni da idona na ga gwiwar Dogo ta riga sauka. Amma wa zai karɓi shaidar mijin yaya? Ilu bai zage ni ba. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya kwance layunsa, ya naɗe walkinsa, ya ce shi da fili har abada. Ya daina kirana Malam Soyayya, in mun haɗu sai ya ce ina wuni, kamar baƙo. A majalisar shayi kuwa na zama abin nishaɗi. In na wuce sai wani ya ce, "Nuhu, ta farka ko tana barci?" Uwarku ba mai yawan magana ba ce, sau ɗaya ta taɓa zancen, tana tankaɗe ba ta ko dube ni ba.

"Malam, da ba ka yi masa alkawari ba, da faɗuwa ɗaya ya yi. Yanzu biyu ya yi."

Ranin shekarar ban je Kano da daɗin rai ba. Na yi ta zargin bateri, na zargi zafin rana, har na fara tunanin ko mutanen Dawce sun yi wa kamarar wani abu. Sai da damina ta tsaya wani abokin sana'a ya kwatanta mini Alhaji Lawan a Damagaram, wani dattijo mai gyaran kamara da agogo a lungun kasuwa. Na hau mota na same shi da tabarau biyu a hanci, ɗaya kan ɗaya. Na ba shi labari tun daga Kano, ban bar ko sunayen ba. Ya cire tabarau ɗaya don ya yi dariya da kyau.

"Ango da Amarya? Miƙo mini amaryar in gani." Ya juya ta a tafin hannunsa. "A tasha ka samo ta, ko? Malam Nuhu, ka ɗaura wa doki aure da kunkuru, sa'an nan ka ce su riƙe hannu su yi tsere."

Ya jawo wata ƴar ƙwarya da yake zuba ƙananan kusoshi, ya zazzage ta, ya ajiye a gabana.

"A cikin aparai ɗin nan, wato kamarar taka, akwai irin wannan. Faransawa tampon suke ce mata. In ka danna, hoto ba ya tafiya kart kai tsaye, a nan yake faɗawa tukuna, don hannunka ya fi kart sauri. Daga nan ake juye shi. To kai ka ba da umarni kada a ɗauke hoto daga ƙwarya sai kart biyun duka sun karɓa. Na sama ya karɓe tuni yana jira. Na ƙasa bakinsa kamar na kwalba. Kana ta zubawa, ƙwarya ta cika. Ina za ta sa na gaba? Sai ta kulle maka yatsa. Jar fitilar nan ba ciwo ba ce, cewa take yi dakata ina juyewa."

"To in sayi wata amaryar mai gudu mana, Alhaji."

"Za ta ɗan taimaka. Amma wannan irin aparai, ƙofar ƙasan kanta ƙunci gare ta, haka aka ƙera ta. Ko wa ka sa a ciki, na sama zai jira shi."

Ya ce hanya uku ake tafiyar da su. Akwai wadda nake kai, kowane hoto gida biyu, ita ce ta masu biki, don amarya ba gudu take yi ba, kuma in hotonta ya ɓata ba a sake ɗaura aure dominka. Akwai wadda hoto mai nauyi ke shiga sama, mara nauyinsa ya shiga ƙasa, ita ma dai ana jiran na ƙasa, sai dai jiran ya ragu. Ta ukun ita ce a zuba wa na sama shi kaɗai, na ƙasa ya zauna hannu rungume, sai ranar da na sama ya cika. Ba mu tsaya a baki ba. Ya fito da ni ƙofar shago, ya ce in auna masu babur da ke wucewa in danna, shi yana ƙirgawa. Yadda na zo da ita, a goma sha huɗu ta shaƙe, fitilar kuma ta daɗe ba ta mutu ba, har mai shayin da ke gefe ya gama haɗa kofi guda. Ya karɓa, ya shiga cikin rubuce-rubucenta na Faransanci, nan ya shiga can ya fita, ya mai da ita hanya ta uku, ya kuma rage nauyin hoton kaɗan. Na danna. Mun wuce arba'in tana tas-tas-tas, ni na gaji na ɗaga yatsa.

Ban san lokacin da na rungume dattijon nan ba. Ya ture ni yana gyara hula.

"Saurara tukuna, mai littafi. Yanzu hotonka gida ɗaya gare shi. In na sama ya mutu, komai ya mutu. Gudu ka saya, ka ba da kwanciyar hankali. Kuma ka daina kwanciya a kan maɓallin nan kamar ka samu katifa. Danna, saki, bar ƙwarya ta sha iska. Ka ajiye dogon numfashin sai ka ga ƙafa ta bar ƙasa."

Ni aji huɗu na yi a lakwal, makarantar boko, Faransancina na gaisuwa ne da sayen tikiti. Don haka na sa ya faɗa mini matakan ɗaya bayan ɗaya, na rubuta a ƴar takarda da Hausa, yadda zan mayar da ita gida biyu in zan je biki, in kuma dawo da ita gida ɗaya. A mota ina karanta wani littafi, sai na sa takardar a ciki don in gane inda na tsaya. Kwana biyu da dawowata uwarku ta ara wa maƙwabciya littafin. Maƙwabciya ta ara wa ƙanwarta, ƙanwar ta tafi da shi Icirnawa. Kun san yadda littattafan nan ke yawo. Har yau bai dawo ba. Sau ɗaya na gwada shiga rubuce-rubucen da kaina, na wayi gari hotunana duk sun koma shuɗaye, da ƙyar na gano hanyar fita. Daga ranar na rantse ba zan ƙara taɓa wurin ba sai an gama kokowa. Duk bukukuwan da na ɗauka a tsakani, da addu'a na ɗauke su.

Sauran damina na yi ta koyon numfashi. Na ɗauki tantabarun maƙwabci suna tashi, na ɗauki awaki suna karo. Da aka yi girbi, wata safiya uwarku ta tsaya shiƙar gero a bayan gida, rana tana fitowa ta bayanta. Ta ɗaga ƙwarya sama ta karkata, na danna. Ban taɓa karanta shafin da ya kai wannan kyau ba a duk littattafaina. Gero yana saukowa kamar zaren zinariya, ƙaiƙayi yana bin iska gefe, ita kuma ta ɗan runtse ido. Juyi ɗaya na ƙwarya, hoto talatin da wani abu, kowanne ƙwayoyin sun ɗan matsa ƙasa. Ranar kasuwa Ilu ya shigo gaida yayarsa, na miƙa masa kamarar. Ya yi ta latsawa, gero yana sauka a hankali a gabansa. Ya koma farko ya sake.

"Yaya ce wannan? Ashe haka take da kyau, muka ba ka ita a banza."

"Kalli geron, ba yayarka ba."

"Na gani." Ya ajiye kamarar a hankali a kan tabarma. "In ta kama gero a iska, za ta kama gwiwa. Malam Soyayya, in ka sake yi mini barci, a cikin littattafan nan naka zan binne ka."

Da na ji sunan nan ya dawo, sai da na shiga ɗaki na share ido.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne, Zulai. Inna, mahaifiyar uwarku, shekara ashirin da wani abu ina surukinta, ba ta taɓa yarda na ɗauke ta hoto ba. Kunyar suruki ce irin ta mutanen da. Ba ta kama sunana, ba ta cin abinci in ina tsakar gida, in za ta yi mini magana sai ta juya gefe ta gaya wa ƴarta, ko da ina tsaye ina ji. Ranar karon shekarar ta zo daga Kurni tun da hantsi, don ta ce ba za ta iya jiran labari daga nesa ba. Ilu da Dogo ne kuma suka sake kaiwa ƙarshe. Tana zaune a kan tabarma ƙarƙashin dalbejiyar gidanmu, ke kina kwance a jikinta, sai ta gyara lulluɓi ta ce wa uwarku:

"Gaya wa mai hoto, in abin nasa na kusa, ya ɗauke ni da takwarata. Jikin nan ba ya jin daɗi kwana biyu."

Uwarku ta dube ni baki buɗe. Na ruga na ɗauko kamara, sai kuma na tsaya cik. Wannan hoto ne na gida biyu, irin wanda ba a sake samu. Na durƙusa daga nesa na gaya wa uwarku, ita kuma ta maimaita kamar Inna ba ta ji ba: cewa abin yanzu wuri ɗaya yake ajiya, cewa zan iya gwada mai da shi wuri biyu saboda hotonta ya tsira ko da wani abu ya faru, amma ban tabbata zan iya dawo da shi yadda yake ba kafin la'asar, in kuwa ban iya ba, zai sake shaƙewa a fili kamar bara. Inna ta saurara tana jan carbi.

"Wuri biyun ne ya ci yaron nan bara?"

"Shi ne, Inna," in ji uwarku.

"To gaya masa kada ya taɓa. Ni kun gan ni kun ƙoshi. Shekara guda yaron nan yana cin tuwo kai a ƙasa. Shi nake so a gani a tsaye."

Haka na ɗauke ku, hoto bakwai, a kart ɗaya. A na ƙarshen kin ja mata lulluɓi, ta yi dariya, haƙorin Makkanta ya fito. Shi ne karo na farko da ta dubi inda nake kai tsaye, ko da yake ta cikin gilashi ne.

Fili ya fi na bara cika. Na zaɓi gefen da alƙali ba ya tsayawa, na kwanta rub da ciki a kan yashi da farar rigata, mutane suna dariya. Wani ya ce, "A kawo masa matashi, shi da ita duk barci za su yi." Ban waiwaya ba. Suka haɗa kai. Danna, saki. Suka zagaya, Dogo yana neman wuya, Ilu yana kaucewa. Danna, saki. Yatsana yana ƙaiƙayi, zuciyata tana cewa kwanta a kai, muryar Alhaji Lawan tana cewa bar ƙwarya ta sha iska. An daɗe ana wannan, har makaɗa suka sassauta. Sai na ga kafaɗar Ilu ta hagu ta yi ƙasa. Na san abin da ke biye. Na danna na riƙe.

Tas-tas-tas-tas-tas. Ya nutse, tana yi. Ya kama ƙafa, tana yi. Ya ɗaga, Dogo ya maƙale masa wuya ya jawo shi, suka karkata, suka zube, yashi ya tashi, tana nan tana yi. Ba ta ja numfashi ba sai da na sake ta da kaina.

Fili ya ruɗe. Mutanen Dawce sun riga sun ɗauki Dogo a kafaɗa, mutanen Kurni sun ɗauki Ilu. Alƙali yana tsaye da usur a baki ya rasa hannun da zai ɗaga. Na miƙe, yashi har cikin bakina, na ratsa jama'a kamara a sama ina ihu da muryar da ban san ina da ita ba. Dattawan kwamiti uku suka kewaye ni, ɗaya ya buɗe babbar rigarsa ya yi mana inuwa don a ga gilashin. Na fara latsawa ɗaya bayan ɗaya. Ga su a tsaye. Ga ƙafar Dogo ta bar ƙasa. Ga su sun karkata. Ga su sun ƙara karkata. A na goma sha tara, gwiwar Dogo ta dama ta nutse a yashi, har yashin ya yi ɗan fure a kewayenta, Ilu kuwa ƙafafunsa biyu na ƙasa, tsakanin gwiwarsa da yashi kana hango takalmin wani ɗan kallo a can nesa. A na ashirin da ɗaya ne tasa ta sauka. Bara kuwa a na goma sha huɗu kamarar ta mutu.

"Mijin yayarsa ne!" wani ya yi ihu daga baya. "Ya haɗa abinsa!"

"A ina ya haɗa, a cikin yashi?" in ji dattijon mai riga. "Ku kira Dogo."

Dogo ya sauko daga kafaɗun mutanensa, ya sunkuyo, gumi yana ɗiga a hannuna. Na mayar masa baya, na kawo gaba, sau biyu. Ya sa ƙaton yatsansa a kan gilashin daidai gwiwar.

"Wannan tabon nawa ne," ya ce. "Garma ta yi mini shi." Ya miƙe, ya ratsa fili, ya kama hannun Ilu ya ɗaga da kansa.

Ƴaƴana, na karanta ƙarshen littattafai da yawa inda masoya ke haɗuwa bayan wahala, amma ban taɓa jin abin da na ji a wannan yammacin ba. Aka ɗauki Ilu, aka ɗauke ni ni ma, farar rigata ta koma ja, hulata ta tafi ban sake ganinta ba. Makaɗa suka sa sunana a kiɗa, Nuhu mai ido arba'in. Masu cewa ta farka ko tana barci su ne a gaba wajen riƙe mini ƙafa. Haka aka kawo mu har ƙofar gida da ragon da Ilu ya ci. Ya shiga ya durƙusa gaban Inna. Ta dafa kansa, sa'an nan ta juya gefe.

"Hajara, a zuba wa mai hoto fura. A sa masa nono da yawa."

Ga kuma laifina, ba zan ɓoye shi ba. Kwana uku kamarar tana yawo hannu zuwa hannu, ban kwafe komai ba, daɗi ya ɗauke mini hankali. Na je Damagaram na wanke hotunan kokowa guda biyar manya, takardar mai wankin ta ƙare, na ce na Inna sai mako mai zuwa in yi musu firam mai kyau. Da na dawo sai na kai kart ɗin wani bitik, ɗan shagon da ake zuba waƙoƙi a waya, don a tura wa mutanen Kurni hoton gwiwar. Ana cikin turawa wuta ta ɗauke. Da na mayar da shi kamara, sai ta ce ba ta san shi ba. Alhaji Lawan ya kwana biyu a kansa, ya miƙo mini shi yana girgiza kai, bai ce ai na gaya maka ba. Na ƙasan yana nan lafiya lau, fanko.

Uwarku ce ta kai wa Inna labari a Kurni. Ta ce Inna ta tambaya ko na Ilu ya tsira, aka nuna mata shi a bango. Ta ce to me ake wa kuka? Na yi niyyar in sake roƙonta, kunya ta hana ni, na ce sai da sallah. Ba ta kai sallah ba. Don haka, Zulai, in za ki ba ɗanki labari, ki ce kakanka ya yi sakaci bayan nasara, wannan gaskiya ne, na ɗauka. Amma zaɓin gida ɗaya ba ni kaɗai na yi shi ba. Takwararki ce ta yanke, tana sane, kuma ta ga ɗanta a tsaye kamar yadda ta nema.

Dogo ya yi shekara uku yana kokowa bayan nan, sa'an nan baya ya hana shi. Yanzu yana sayar da rake a bakin hanyar Dawce, ya rame, ya ranƙwafa, sai ya dogara sanda. Tun a wancan lokacin ya karɓi ɗaya daga cikin hotuna biyar ɗin ya rataye a zaurensa. Bara ya yi mini sallama da shi a naɗe cikin buhu, rana ta cinye launinsa. Ya ce in sabunta masa, don jikokinsa sun ƙi yarda ya taɓa zama ƙato haka. Na ce zan ɗauki hoton hoton, a gyara shi a inji. Na kuma gaya masa injin yanzu yana iya abubuwa, in yana so za a ɗan ɗaga masa gwiwar daga yashi, ba wanda zai gane.

Ya matso da hoton kusa da idonsa, ya daɗe yana dubawa.

"A'a, bar ta inda take, ta taɓa. Kai dai ka fito mini da damatsan nan sosai."